Bakabe, Na Zo Na Duba Kayana

Zuwa ga bawana Bakabe, ma'aikacin gwamnati a Birnin Kebbi, jikan masunta wanda bai iya ruwa ba. Gaisuwa irin ta ubangida da yaron gidansa. Bayan haka, tun da muka dawo Katsina nake kiran wayarka kana ƙin ɗauka, don ka san abin da ka shuka. To, bari in biyo ta jarida, inda surukanka da maƙwabtanka da yaran ofishinku za su karanta, su kai maka labari har ɗaki.

Kai ka jawo wa kanka. Shekara da shekaru kana cika mini kunne da cewa, "Ku Katsinawa mi ag gare ku in ba rairai da hasumiya guda ba? Ka taho Kabi ka ga ƙasa, ka ga tarihi, ka ga inda Turawa sunka zamna." Da aka ba yara hutun ƙarshen shekara sai na ce to, kowane mai dukiya ai yakan leƙa ya ga yadda masu tsaro suke riƙe masa ita. Na zuba uwargida da yara a mota, Hajiyarmu ma ta ce ba za a bar ta ba, tana da niyyar ziyara a Gwandu.

Ba mu bi ta Jibiya da Ƙauran Namoda ba, ko da yake ita ce gajerar hanya. Kowa ya san dalili, kuma ba abin wasa ba ne, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga. Muka yi kudu ta Malumfashi da Bakori, da sharaɗin Hajiya cewa rana na karkata a nemi masauki. A Funtuwa na tsayar da mota na tara yara na ba su darasin farko, wanda kai ba a taɓa ba ka ba. Na ce musu, a nan yankin Gulbin Sakkwato yake tasowa. Shi ne ya ratsa Gusau, aka datse shi a Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya wuce ya haɗu da Rima a gefen Sakkwato. Ita Rimar kuma wa ya ba ta ruwa? Kogin Gada da ya wuce ta Jibiya ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake kewayowa ƙasar Gobir ya zuba mata, kafin a tare ta a Goronyo. Duk su ne suka haɗu suka gangara Argungu da Birnin Kebbi, kuka sa musu suna Gulbin Kabi ba kunya ba tsoron Allah. Autana ya ce, "Baba, ke nan kifinsu a ruwanmu yake kwana?" Na ce Allah Ya yi maka albarka, ka fi Bakabe fahimta.

Sauran hanyar ba ta da dogon labari. Tsafe, Gusau, Sakkwato, sannan muka karya kudu ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal. A Aliero uwargida ta sa aka cika mini bayan mota da albasa tun ba mu isa ko'ina ba, ta ce ba ta taɓa ganin irinta a wannan farashin ba. Da wannan warin muka yi sauran tafiyar. Muka ratsa Jega, muka shigo Birnin Kebbi ka tarbe mu da babbar riga da hula an kafa, kana ta "maraba da baƙi," ka manta cewa mai gida ba ya zama baƙo a gidansa.

Washegari aka fara yawon gari, a nan kuma asirinka ya fara tonuwa. Muna tsaye gaban fada, babbar 'yata, wadda ke aji biyar na sakandare, ta yi maka tambayar da kowane mai hankali zai yi: "Kawu, nan ne gidan Sarkin Kabi?" Ka yi tari. Ka gyara hula. Ka ce, "A'a, wagga ta Sarkin Gwandu ta." Ta ce to ina Sarkin Kabi? Ka ce yana Argungu. Ta ce to me ya sa garin da ake kira Birnin Kebbi ba Sarkin Kabi a cikinsa? Sai ka ce rana ta yi zafi, a je a sha fura.

Tunda ka gudu, ga amsar, ka yanke ta ka liƙa a bangon ofis. Kabi ta yi manyan birane kafin wannan. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai wajen 1516, a Surame ya zauna. Sai wajen 1700 aka dawo da gadon sarauta Birnin Kebbi, zamanin Sarki Tomo. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, kuma daga ƙarshe sarautar Kabi ta bar garin ba ta sake komowa ba. Su ma sarakunan Gwandu ba nan suka fara zama ba, sun yi Gwandu, sun yi Ambursa. Turawa ne suka kammala lamarin. Bayan tawayen Satiru na 1906, wanda aka kashe jami'ansu a ciki, suka bi sarakunan da suke zargi da goyon baya a ɓoye. Suka tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin, suka naɗa Haliru Abdu, wanda sunansa ke kan filin wasanku, Birnin Kebbi ta zama mazaunin sarki da na Di'o gaba ɗaya. A wannan shekarar dai suka tuɓe Sarki Yero a Katsina suka ɗora Muhammadu Dikko. Ka ga ko a shan wahalar Nasara ba ku riga mu ba.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka. Za ka ce ai mu ma akwai Sarkin Katsina a Maraɗi, zuriyar waɗanda jihadi ya fitar. Gaskiya ne, akwai shi, Allah Ya ja zamaninsa. Amma mu namu biyu ne, ɗaya a gida ɗaya a ƙasar waje, wannan ai bunƙasa ce. Ku kuwa guda ne, shi ma sai an ƙona mai an je an same shi.

Batun wuraren Turawa da ka yi ta yi mini alkawari, nan ne ka fi ba ni haushi. Mun zaga tsohuwar unguwar bariki, mun ga gidaje masu kaurin bango da faffaɗar baranda da dogayen tagogi, irin ginin da aka yi don iska ta ratsa tun kafin a san fanka. Mun ga tsofaffin ofisoshin En'e. Duk wanda yara suka nuna suka ce na wane ne, wace shekara aka gina, amsarka ɗaya ce: "Na Turawa na." Wane Baturen? Joji ne ko Di'o ko likita? "Na Turawa na dai." Hajiya da ba ta yi boko ba ta fi ka bayani, don ita ta tuna zamanin da ake kai haraji da jangali baitulmali, ta ba yara labarin dogarai da 'yan doka da yadda ake tara mutane aikin hanya ba lada. Yaran suka yi tsit suna ji. Kai kuma kana gefe kana latsa waya.

Ba wai ina son a yi wa Nasara kirari ba ne. Wanda ya zo da bindiga mai ruwa ya karɓe ƙasa ba ya cikin waɗanda zan yi wa ado. Amma a waɗannan ɗakunan aka yanke wa kakanninmu haraji, a nan aka rubuta wane gari zai bi wane sarki, kuma rigingimun iyaka da na sarauta da muke fama da su yau da yawa daga teburan nan suka fito. Yaron da bai ga wurin ba zai ɗauka tatsuniya ce. Mu a Katsina ginin tsohuwar Kwaleji, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yana nan an mai da shi gidan tarihi. Ƙofar 'Yanɗaka da Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, ɗan acaɓa ma zai nuna maka. Kai ko sunan Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ba ka taɓa ji ba, alhali ya ratsa ƙasarku a 1853 kan hanyarsa ta Tumbutu, ya sami kwafin littafin Tarihin Sudan a Gwandu, ya wuce ta Birnin Kebbi ya rubuta yadda ya ga kufan tsohon birnin. Mutum ya taso daga Jamus ya san garinku, kai da aka yanke wa cibiya a ciki sai "na Turawa na."

Abu ɗaya ya cece ka a ranar, shi ne da la'asar da ka kai mu wajen Dukku muka hau tudu. Bakabe, a nan kam bakina ya mutu na ɗan lokaci. Garin yana bisa gaɓa, sai ƙasa ta yanke ta faɗa, fadama ta shimfiɗe har inda ido ya gaza. Ruwa ya rarrabu hannu-hannu yana kewaya tsibirai, manoman rani sun duƙa suna dashen shinkafa, injinan ban-ruwa suna ta tatata daga kowace kusurwa. Ga shanun Fulani farare sun bazu cikin ciyawa, balbelu na bin su. Ga giginyu tsaye can nesa cikin hazon hunturu, ga masu jirage suna turawa da gora suna komowa gida. Uwargida, wadda tun Gusau take mitar ciwon baya, ta nemi dutse ta zauna ta ce a bar ta nan. Na duba na ce lallai masu tsaron nan ba su bar mini gonar ta lalace ba. Sai dai da magariba ta yi, sauronku ya fito karɓar nasa harajin, kuma shi ba ya sanin ubangida.

Gwandu mun je don Hajiya. Ta yi ziyara a hubbaren Malam Abdullahi, ta yi addu'o'inta, ta fito tana share hawaye, ba wanda ya yi wasa a wurin, har ni.

Hanyar Argungu kuwa gajera ce, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in ba a tsaya ba, amma mu mun tsaya ko'ina. Gwadangaji, Zauro, Ambursa inda filin jirgin samanku yake, kowane gari da buhunan shanshera jibge a bakin titi da mata masu turara shinkafa suna shanya. Kana ta nuna mini da baki, wai ku ne kuke ciyar da Najeriya, har Legas ta zo ta ƙulla yarjejeniya da ku a 2016 aka riƙa sayar da shinkafarku can, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Duk na yarda. Amma wa ya zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Banki? Muhammadu Buhari, mutumin Daura, Allah Ya jiƙansa. Ruwa namu, wanda ya buɗe taro namu, naku shiga taɓo. Batun ko ka biya naka rancen, ba zan tayar da shi a bainar jama'a ba. Kuma da na tsaya sayen buhu ɗaya, na ɗauka a bakin gona za a yi mini sauƙi, sai na ji kuɗin da ya sa na leƙa fuskar mai sayarwa in ga ko wasan taubasai yake yi mini. Da gaske yake.

Mun wuce Alwasa, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi a ƙarshen 1805, wanda masu jihadi suka yi asarar mutane da yawa a cikinsa. Da ban faɗa ba da mun wuce shi kamar kowane ƙauye, kai kana ba uwargida labarin farashin taki.

Sai Argungu. A nan zan sassauta maka kaɗan, don Gidan Nabame, wanda ake kira gidan tarihi na Kanta, ya isa a yi tafiya dominsa. Shi ne fadar sarakunan Kabi har 1942, lokacin da aka gina sabuwa a Tudun Wada zamanin Sarki Muhammadu Sani, aka buɗe tsohuwar a matsayin gidan tarihi a 1958. Ka lura, tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai. Soraye ne na ƙasa masu kauri, kana shiga zafin waje ya yanke. Ga masu da takubba da kwari da baka, ga sulke da kwalkwali, ga tambura, ga layu da guraye na mayaƙa, ga kayan su iri-iri. A cikin gidan kuma ake binne sarakuna, don haka mutum yakan rage murya ba sai an ce masa ba. Yarana da ba sa iya minti biyar ba waya suka manta da ita. Jami'in da ya zaga da mu ya san aikinsa, ya jero sarakuna da yaƙe-yaƙensu ba ya duba takarda, na ce ashe akwai Kabawan da suka san gidansu, nawa ne kawai aka yi mini zaɓen tumun dare.

Daga bakinsa yara suka ji abin da ya sa Argungu take da girman kai, kuma ta cancanta. Bayan faɗuwar Birnin Kebbi Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sama'ila Karari ya ja daga har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a hannun Sakkwato, aka sake shi bisa amana, a 1849 ya ɗaga tuta a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Daga nan sai yaƙi, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867. Sannan Sarki Sama'ila, wanda aka fi sani da Sama, ya hau a 1883. A zamaninsa Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kawo yaƙi har bakin ganuwar Argungu ya koma bai ci ba. Ƙaramar masarauta a tsakiyar fadama, tsakanin Sakkwato da Gwandu, ta yi rabin ƙarni ba a tanƙwara ta ba. Wannan ko ni ubangidanku na jinjina.

Amma ga inda labarin Turawa ya shigo, kuma shi ne abin da na so ka iya ba yara da bakinka. Faransawa ne suka fara leƙo ku: Monteil ya ratsa ta Argungu a 1891, Cazemajou ya biyo a 1898 kafin ya je Damagaram a kashe shi. Ingilishi suka zo daga baya, Sarki Sama ya karɓe su ba a harba ko harsashi ɗaya ba, don a ganinsa maƙiyin maƙiyinka abokin tafiya ne. Suka girke soja a Argungu a 1902, kuma sojan nan suna cikin waɗanda suka haɗu da rundunar da ta taso daga Kano aka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sama ya tsira da gadonsa da martabarsa har rasuwarsa a 1915. To amma me aka biya shi da shi? Tun 1898 an riga an zauna a Faris, an kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato an zana da'ira mai nisan mil 100, aka ce cikinta na Ingila, wajenta na Faransa. Aka sake gyara layin a 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Ba Bakabe ko ɗaya a wurin zaman. Da ƙura ta lafa, Dosso da Dogondutsi da Gaya, ƙasashen abokan yaƙin Kabi, duk sun koma hannun Faransa. Ba'are na Kangiwa da ɗan'uwansa na Dogondutsi suka wayi gari ɗaya na biyan haraji da sule, ɗaya da faranka. Ra'ayina shi ne Sama ya yi abin da mai hankali zai yi a matsayinsa, ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya kauce masa. Sai dai abota da Nasara ba ta hana shi yanka maka gona, ya yi wa wanda ya yaƙe shi, ya yi wa wanda ya shimfiɗa masa tabarma. Mu ma layin nan ne ya raba mu da Maraɗi da Tasawa.

Ana cikin haka autana, Allah Ya ƙara masa basira, ya tambayi jami'in, "To shi Kanta ɗan wane gari ne?" Na ga ka fara matsawa bakin ƙofa. Mutumin ya yi murmushi ya ce, yadda masu tarihi suke kawowa, mahaifinsa a Kuyambana ya zauna, ƙasar Katsina ta wancan zamani, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Katsina ce. Bakabe, ka ji da kunnenka, a cikin gidanku, daga bakin ɗan'uwanka. Kanta ɗan mace ne a wurinmu, kuma kowa ya san matsayin ɗan mace a gaban ɗan namiji. Ka yi ta-maza ka ce ai Kanta ya ci Katsina da yaƙi, ya karɓi gandu daga Kano da Zazzau har Asbin, ya kori Barebari. Na ce yaro in ya yi ƙarfi ai gidan kawunnansa yake fara gwada ƙwanji, ana kallonsa ana dariya. Kuma ƙarshenta ina aka harbe shi da kibiyar da ta yi ajalinsa, yana dawowa daga yaƙin Barno? A ƙasar Katsina, in ji masu tarihin dai. Mu muka ba ku shi, a wurinmu kuma ya gama.

Da yara suka ce a kai su Surame su ga ganuwar duwatsun da Kanta ya gina, sai ka hau kame-kame, wai hanya ba kyau, wai daji ne. Faɗi gaskiya: Surame tana ƙaramar hukumar Binji, cikin jihar Sakkwato. Da aka yanke muku jiha a 1991, shekara huɗu bayan tamu, an bar birnin kakanku a wancan gefen. Birnin farko yana Sakkwato, na biyu yana hannun Gwandu, uwa 'yar Katsina, ruwa daga Funtuwa. Kai me ka zo da shi?

Kifi, za ka ce. To mu je Matan Fada. Mun same shi shiru, ruwa kwance, ba kowa sai 'yan yara da masu wanki can gefe, domin wurin a rufe yake ga masunta sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ba sa wasa da wannan doka. Yara suka ɓata rai, su sun zo ganin dubban mutane suna rugawa cikin ruwa da homa da gora kamar yadda suke gani a talabijin. Na ce musu wannan sai wajen Fabrairu ko Maris, in an yi. Shi kansa bikin, a siffarsa ta yanzu, ɗan zamanin Turawa ne: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, sarkin lokacin, Muhammadu Sama, ya shirya masa su na girmamawa, aka rufe gabar da ta haura shekara ɗari. Sarkin Musulmi ya kwana a garin da Abdurrahman ya kasa shiga da yaƙi, aka tarbe shi da giwan ruwa maimakon mashi. A duk abin da na gani a tafiyar nan ba abin da ya fi wannan burge ni, kuma ya fi kifin kansa daraja. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, da su da kabanci, wato tseren jirage da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu.

Sai dai ku da abin kirki ba ku iya riƙo ba. Kuka bar shi ya yi kusan shekara goma ba a yi, sai a 2020 aka dawo da shi, aka kama na kilo 78. Wa ya zo buɗewa? Mutumin Daura dai. Kada kuma ka sa in tuna maka 2008, shekarar da aka ƙwace kambun daga wanda ya zo na ɗaya bayan an gano kifin nasa ya riga ya mutu kafin a fito da shi daga ruwa. A duniya kaf ban taɓa jin inda aka yi maguɗin zaɓe da gawar kifi ba sai Kabi.

Don kada yara su koma da ɓacin rai, muka sami mai jirgi a wani mashigi ya ɗan zaga da mu. Hajiya, mai shekara sama da saba'in, 'yar tudu gaba da baya, ta tattare zanenta ta shiga ta zauna daram. Uwargida ta shiga. Kai, jikan Kanta mai jirgin yaƙi, sai da aka riƙe maka hannu. Jirgi na barin gaɓa ka ƙanƙame gefensa kamar ɗan biri a jikin uwarsa, kana karanto duk addu'ar da ka sani, har da ta shiga kasuwa. Mai jirgin ya tambaye ni a hankali, "Alhaji, baƙon naku daga wane gari ya taho?" Na ce daga nisa, a yi masa a hankali. Na rufa maka asiri a ranar don akwai yara. Yau na fasa.

Abinci kam kun iya, ba zan ci zalinku ba. Tuwon shinkafa da miyar kifi da aka yi mana a gidan gwaggonka a Argungu, da farfesun ragon ruwa, da soyayyar karfasa, sun sa Hajiya ta ce a ba ta sunan mai girkin ta sa ta cikin addu'a. Uwargida ta sayi bandar tarwaɗa kwali guda ta ɗora bisa albasar Aliero, har yau in na buɗe motar nan kuliyoyin unguwa sai sun taru. Wannan gidan gwaggo ke nan. A gidanka na Birnin Kebbi kuwa me aka ba mu? Kifin ƙanƙara, wanda aka kamo a tekun Turai aka yo dakonsa daga Legas. Gulbi na bayan ɗakinka.

To ga hukunci. Kafin hutun baɗi ka koma Gidan Nabame kai kaɗai, da littafi da alƙalami, ka zauna gaban jami'in nan ka koyi jerin sarakunanku. Ka bi dattawan Birnin Kebbi da suka yi aiki da En'e tun suna da sauran numfashi, su faɗa maka gidan wane ne wanne. Ku da kuke da bakin magana a gwamnati ku sa a kafa alluna da Hausa, boko da ajami, a Alwasa da Ambursa da gaban kowane tsohon ginin bariki, a rubuta abin da ya faru da shekarar da ya faru. Kuɗin allo bai kai na buhun shinkafar da kuka sayar mini ba. Kuma a daina rushe tsofaffin gidajen nan ana dasa shaguna.

Batun kuɗin shara, kowace shekara sai mun yi gardamar wa zai ba wani. Bana na yanke: ranar cika-ciki ina jiranka a Katsina da buhun shinkafa, da kwalin banda, da kuɗin man da na ƙona. Ka zo da iyali, zan kai ku Gobarau da tsohuwar Kwaleji da Durɓi ta Kusheyi, mu ƙarasa Daura ku leƙa rijiyar Kusugu. Kada ka ji tsoro, an rufe bakinta, ba za ka faɗa ba.